Kowa Da Kiwon Da Ya Karɓe Shi: Ɗalibin Aji Ɗaya Da Zaɓen Fannin Karatu

Gabatarwa

Duk wanda ya daɗe a jami'a ya san akwai wani lokaci a ƙarshen zango na biyu da ofisoshin sassa kan cika maƙil da 'yan aji ɗaya, kowa riƙe da takardar neman canjin kwas yana jiran shugaban sashe ya sa masa hannu. Wani mafita yake nema, wani kuwa mashiga. A irin wannan lokaci ne, 'yan shekarun baya, ɗalibai biyu suka same ni a ofis cikin mako guda, kowannensu ɗauke da maganar da ta hana shi barci.

Na farko saurayi ne, haifaffen unguwar Sabo ta Shagamu, ɗan wani dattijo mai fataucin goro. Shi ne mutum na farko a zuriyarsu da ya taka jami'a, kuma ba ƙaramin gurbi ya samu ba, likitanci aka ba shi. Sakamakonsa ya yi kyau, babu darasin da ya faɗi. Amma ya zauna a gabana ya sunkuyar da kai ya ce, "Malam, wallahi nakan shiga aji ne kamar wanda aka aika gidan makoki. Ni Kimiyyar Harshe nake so. To, amma tun ranar da sunana ya fito mutanen unguwa suka daina kiran mahaifina da sunansa, sai Baban Dokta. Da wane baki zan faɗa masa?"

Ta biyu ɗalibarmu ce, wadda ta fi kowa ƙoƙari a ajinsu. Fannin Shari'a ta nema, aka ba ta Hausa, ta karɓa ta yi shekara guda tare da mu. Ita ba shawara ta zo nema ba. Ta durƙusa ta gaishe ni, ta ajiye takardarta a kan tebur ta ce, "Malam, na san ba za ku ji daɗi ba, amma tafiya zan yi."

Waɗannan mutum biyu su suka sa ni wannan rubutu. Tambayar da zan yi ƙoƙarin warwarewa ita ce: da wane mudu ya kamata ɗalibi ya auna fannin da zai ba wa ƙuruciyarsa, kuma ya ci abinci da shi har tsufa? A ganina wannan magana ce ta halin mutum da amanarsa, kafin ta zama maganar maki ko albashi.

Yadda Muke Shiga Fanni

A ƙasar Hausa ta dauri wannan tambaya ba ta cika tasowa ba. Ɗan maƙeri a maƙera yake tashi, yana zuga tun bai isa ɗaga masaba ba. Ɗan wanzami yana rataye da zabira a bayan ubansa, ɗan marini yana bakin karofi, ɗan malam yana gaban allo. Wanda ya shiga sana'ar da ba ta gidansu ba akan kira shi shigege ko ɗan haye, har a yi masa habaici da cewa gado ba karambani ba. Ko shakka babu wannan tsari ya ɗaure mutane da yawa a turken da bai dace da su ba. Amma yana da wani alheri da muka rasa a yau, wato yaro yakan san wahalar sana'a tun kafin ya san ribarta. Ya sha hayaƙi, wuta ta ƙona shi, ya ga ranar da ubansa ya wuni bai yi ciniki ba.

Da ilmin boko ya zo sai abin ya juye. Yaro ya san sunan sana'a, ya ga motar mai sana'ar, amma bai taɓa leƙa inda ake yin ta ba. A tsarin karatunmu, tun yaro yana kimanin shekara 15 ake raba shi da abokansa a babbar sakandare, wannan ajin kimiyya, wancan ajin adabi, wancan na kasuwanci. A makarantu da yawa kuwa ba a tambayar yaron, makinsa ake dubawa: mai ƙoƙari a tura shi kimiyya, wanda aka raina a tura shi adabi. Manufar ilmi ta ƙasa ma ta daɗe da ware wa kimiyya kashi 60 cikin ɗari na guraben jami'a, ta bar wa sauran fannoni 40. Da haka yaro yakan tashi da tunanin cewa fannoni hawa-hawa ne, wasu na masu ƙwaƙwalwa, wasu na waɗanda suka rasa yadda za su yi.

Daga nan sai jarrabawar hukumar JAMB, wadda aka kafa a 1978. Darussa huɗu, maki 400, kuma tun wajen cika takarda ake rubuta kwas ɗin da ake so. Sau da yawa wa ko kawu ne ke zaɓa, wani lokaci ma mai shagon intanet ne yake cewa, "Wannan ya fi saurin fitowa." A 2024 kusan mutum miliyan biyu ne suka zauna wa wannan jarrabawa, alhali tsangayoyin likitanci da Shari'a kowace tana da ƙayyadadden adadin da aka yarje mata ta ɗauka. Saboda haka dubban ɗalibai kan buɗe takardar shiga jami'a su tarar da fannin da ba su taɓa jin sunansa ba, su karɓa, don da babu gara ba daɗi.

A jami'o'in Amurka da yawa ɗalibi yakan shiga ba tare da ya tsayar da fanni ba, ya ɗanɗana wannan ya ɗanɗana wancan, sai wajen ƙarshen shekara ta biyu ya bayyana inda ya dosa. Mu a nan ƙofa ɗaya ce ƙarama, galibi a ƙarshen aji ɗaya, kuma sai mai sakamako mai kyau, sai sashen da zai bari ya sake shi, wanda zai shiga kuma ya karɓe shi. Ke nan aji ɗaya shi ne karo na farko, wataƙila kuma na ƙarshe, da ɗalibinmu zai tsaya ya tambayi kansa da kansa: shin mene ne ya kawo ni nan?

Masu Haƙƙi A Cikin Zaɓen

Kuskure ne ɗalibi ya ɗauka shi kaɗai ne ke da ta cewa. Akwai masu haƙƙi a cikin wannan zaɓe, kuma adalci shi ne a saurari kowa.

Na farko iyaye. Hausawa sun ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba, kuma akwai gaskiya a ciki. Dattijon da ya yi shekara 40 yana fataucin goro ya ga ranar da mota ta lalace a hanya, kaya suka ruɓe, jari ya karye a dare ɗaya. Idan ya ce ɗansa ya zama likita, ba sunan kaɗai yake so ba, yana nema wa ɗansa sana'ar da ba ta ruɓewa ne. Ɗalibin da ya yi wa wannan tunani kallon jahilci, shi ne jahilin. Sai dai babba yakan hango abin da ke kan hanyar da ya taɓa bi ne. Uban da bai taɓa shiga ɗakin fiɗa ba, ba zai iya sanin yadda zuciyar ɗansa take a cikinsa ba. Abin da iyaye ke bin ɗansu shi ne ladabi, da kula da su idan ƙarfinsu ya ƙare, da faɗa musu gaskiya. Wannan na ƙarshe shi ne aka fi ci musu. Mun sha ganin ɗalibin da ya canza fanni a ɓoye, ko wanda aka sallama tun aji biyu, amma yana ta karɓar kuɗin makaranta da sunan likitanci, har ranar bikin yaye ɗalibai ta zo, ramin ƙarya ya ƙure. Wanda ya yi haka ya fi saɓa wa iyayensa a kan wanda ya durƙusa a gabansu ya ce ba zai iya ba.

Na biyu ciki. Mu malamai masu albashi mukan yi saurin ce wa ɗalibi kada ya damu da kuɗi, ya bi abin da ransa ke so. Wannan magana tana da daɗin faɗa ga wanda ya ƙoshi. Ɗalibin da ya bar ƙanne shida a gida, da uwa mai sayar da ƙosai don ta haɗa masa kuɗin mota, idan ya tambayi abin da fanni zai kawo masa bai yi abin kunya ba. Neman halal da ɗaukar nauyin dangi suna cikin kyawawan halaye. Abin lura kawai shi ne hangen Dala ba shiga birni ba ne. Likitanci shekara 6 ne, ban da shekarar sanin makamar aiki. Shari'a shekara 5 ce, ban da Makarantar Lauyoyi. Injiniya ma shekara 5. Kafin mutum ya fito kasuwa takan canza fuska, kuma a kowace sana'a akwai mawadata akwai matsiyata. Abin da ya fi raba su shi ne ƙwarewa, ita kuwa ƙwarewa ba ta cika zuwa wa wanda yake karatu ransa a ɓace ba.

Na uku al'umma. A nan ya kamata mu tuna da Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111. A cikin littafinsa Ihya'u Ulumiddin ya sanya likitanci da lissafi cikin ilmomin da suke farilla a kan al'umma gaba ɗaya, waɗanda idan wasu suka tsaya da su an ɗauke wa saura, idan kuwa kowa ya bari kowa ya yi laifi. Har noma da saƙa da ɗinki da ƙaho ya lissafa a wannan sahu. Sannan ya koka da cewa a zamaninsa garuruwa da yawa ba su da likita daga cikin Musulminsu, amma ɗalibai sun yi dafifi a kan fiƙihu, domin shi ne ke kai mutum ga alƙalanci da riƙon dukiyar waƙafi da ta marayu. Mai karatu zai ga cewa yau fannonin sun yi musanyar wuri, amma cutar tana nan yadda take: jama'a na rububin inda muƙami yake, su bar inda ake bukatarsu. Gaskiya ne muna bukatar likitoci, musamman mu mazauna Sabo da zango-zango na kudu, inda tsohuwa kan je asibiti ta rasa wanda zai ji bayaninta. Haka nan muna bukatar malamin firamare da ya san yadda ake koyar da yaro karatu da harshen uwarsa, da masanin ƙasar noma, da mai fassara, da mai tsara ƙamus. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Haƙƙin al'umma a kan ɗalibi shi ne ya tsaya a gurbin da zai iya tsarewa, ya kuma tsare shi da kyau.

Na huɗu mutum kansa. Allah bai halicci mutane da baiwa iri ɗaya ba, kuma binne baiwa butulci ne. Amma a nan ne yaudara ta fi yawa, domin son zuciya ya iya shigar burtu. Ɗalibin da ilmin sinadarai ya ba wa kashi yakan ce ai shi dama adabi ne a jininsa. Idan ya zo wurinmu ya haɗu da ilmin tsarin sauti da na ginin jimla, sai ka ji kuma ya ce ashe aikin jarida ya fi dacewa da shi. Irin wannan ba fanni yake nema ba, inuwa yake nema, kuma babu fannin da ba shi da rana.

Mudun Awo

To, idan waɗannan masu haƙƙi suka ja ɗalibi kowa ta nasa gefe, da me zai raba gardama?

A 1974 aka buga wata lacca ta Anthony Kirk-Greene a kan wanda Hausawa ke kira mutumin kirki. Ya lissafa halaye goma: gaskiya, amana, karamci, haƙuri, hankali, kunya, ladabi, mutunci, hikima da adalci. Babu Bahaushen da za ka tambaya ya ce ba ya son waɗannan halaye. Amma faɗa da baki ba ya nuna abin da mutum ya riƙa da daraja. Ana gane shi ne a ranar da aka ce masa sai ya rasa wani abu kafin ya tsira da shi. Biyu na farko a wannan jeri, wato gaskiya da amana, su ne mudun da nake ganin ya kamata ɗalibi ya auna fanni da shi.

Gaskiyar da nake nufi ita ce wadda mutum zai faɗa wa kansa, kuma ita ta fi kowace ɗaci. Shi kansa Gazali ya ba da labarin yadda, yana kan ganiyarsa a makarantar Nizamiyya ta Bagadaza, ya binciki niyyarsa ta koyarwa ya tarar da neman suna da ɗaukaka ne ke ingiza shi, har ya ajiye kujerar ya bar garin a 1095. Ba a ce ɗan aji ɗaya ya bar gari ba. Abin da ake so shi ne ya zauna shi kaɗai ya tambayi kansa: da a ce za a cire farar riga da sunan Dokta, a bar mini marasa lafiya da kwanan asibiti, zan tsaya? Da a ce za a cire hular gashi da baƙar alkyabba, a bar mini tulin fayiloli da ɗage zama, ina so? Mai son zuwa adabi shi ma ya tambayi kansa: da a ce ba wanda zai taɓa tafa mini a dandali, sai gyaran rubutun yara ɗari a cikin dare, zan iya?

A tarihin jami'o'in ƙasar nan akwai wanda ya amsa irin wannan tambaya, ya kuma biya kuɗinta. A 1948 Chinua Achebe ya shiga Kwalejin Jami'a ta Ibadan cikin rukunin farko na ɗalibanta, da tallafin karatu na musamman don ya karanta likitanci. Bayan shekara guda ya koma Ingilishi da Tarihi da nazarin addini. Nan take ya rasa tallafin, sai da 'yan'uwansa suka sa hannu, har wansa ya sadaukar da kuɗin da ya tanada don zuwa gida hutu. Ya kammala a 1953, a 1958 ya fitar da Things Fall Apart, wanda aka fassara zuwa harsuna fiye da 50. Mukan ba da wannan labari muna kallon ƙarshensa, amma saurayin da ya ajiye likitanci a wancan lokaci bai san zai zama marubucin da duniya ta sani ba. Abin da ya sani shi ne ya rasa kuɗi, ya ɗora wa danginsa nauyi. Da bai taɓa yin suna ba, ya ƙare a malamin sakandare na kirki, da zaɓen nasa bai zama kuskure ba. Kada kuma ɗalibi ya ɗauka duk wanda ya bar likitanci Achebe zai zama.

Amana kuwa ita ce ɗaya fuskar mudun, domin kowane fanni riƙon wani abu ne na mutane: ransu, ko dukiyarsu, ko 'ya'yansu, ko haƙƙinsu. A watan Yuli na 2014 wani matafiyi ya sauka a Legas daga Laberiya ɗauke da cutar Ebola. Likitar da ta duba shi, Dokta Ameyo Stella Adadevoh, ta ƙi sallamarsa daga asibiti duk da matsin lambar da aka yi mata, don kada ya watsa cutar a birnin da ke da miliyoyin mutane. Ita kanta ta kamu, ta rasu ranar 19 ga Agusta na wannan shekara. A ƙarshe mutum 20 suka kamu a Nijeriya, 8 suka mutu, kuma a watan Oktoba aka tabbatar ƙasar ta rabu da cutar. Wannan shi ne abin da ke ƙarƙashin farar rigar nan da yara ke sha'awa.

Ba kowa ne zai gamu da Ebola ba, amma kowace sana'a tana da irin wannan rana gwargwadon girmanta. Akwai ranar da ɗan kwangila zai ce wa injiniya ya rage rodi da siminti a raba rarar. Akwai ranar da za a miƙo wa akanta lissafin da ya san ƙarya ne a ce ya sa hannu. Mai haɗa magunguna zai ga saurayi ya zo da kuɗi a hannu yana neman maganin tari mai sa maye. Malamin makaranta zai ga ɗan mai kuɗi ya faɗi jarrabawa, uban ya aiko da saƙo. A irin wannan rana, wanda yake ganin girman aikin yana da abin riƙewa. Wanda kuwa ya shigo don suna ko kuɗi kawai, an taɓa shi ne a daidai inda ya fi rauni. Abin tsoron shi ne ba shi kaɗai zai kwashi sakamakon ba. Maras lafiya da mazaunin bene da ɗan makaranta, waɗanda ba a yi shawara da su ba ranar da ya cika takarda, su ne za su biya.

Masu kiwo sun san ma'anar cewa kiwo ya karɓi mutum. Wani ya sayi tumaki su yi ta mutuwa a hannunsa, ya koma kaji su cika masa gida. Idan ka lura za ka ga kiwon da ya karɓi mutum shi ne wanda ba ya jin ƙyuyar yankan ciyawarsa da sharar turkensa, ko da sanyin asuba. Kowa na son ragon ranar Salla. Wajen share kashinsa ne ake gane makiyayi. Saboda haka ɗalibi ya je ya ga sharar turken fannin da yake sha'awa kafin ya sa hannu a takarda. Ya nemi wanda ya shekara 20 a cikin aikin, ya tambaye shi ranar da ta fi masa muni.

Wanda Ƙofa Ba Ta Buɗe Masa Ba

Wani zai ce, duk wannan magana ta masu zaɓi ce. Ina wanda ya nema aka hana shi, ko makinsa bai kai ba, ko ba shi da halin ɓata shekara guda? Wannan ƙorafi yana kan hanya, kuma su ne ma suka fi yawa. Amsata gare su ita ce digiri ƙofa ce, ba kabari ba ne. Cyprian Ekwensi, wanda aka haifa a Minna a 1921, aikin gandun daji da haɗa magunguna ya koya, kuma shi ne ya rubuta The Passport of Mallam Ilia da Burning Grass. Elechi Amadi Fiziks da Lissafi ya karanta a Ibadan kafin ya rubuta The Concubine. Baiwar gaskiya takan nemi hanyarta kamar ruwa.

Bugu da ƙari, sau da yawa so yakan biyo bayan sani. Da yawa daga cikin malamanmu ba Hausa suka nema ba, ba su aka yi, da suka nutsa a ciki suka tarar da teku. Wanda ya tsinci kansa a fannin da bai zaɓa ba har yanzu yana da zaɓi guda a hannunsa, wato ya koye shi da gaske ko ya yi shekara huɗu yana zaman jiran takarda. Mudun bai canza ba. Gurbin da yake zaune a kai wani ya nema bai samu ba, don haka amana ne a wuyansa.

Yadda Ta Kaya

Mu koma ga baƙina biyu. Shi saurayin na ce masa ba zan kai maganarsa gaban shugaban sashe ba sai ya yi abu biyu: ya yi hutunsa a wani asibiti yana yi wa marasa lafiya Hausawa tafinta, sannan ya faɗa wa mahaifinsa da bakinsa, tare da wani babba a dangi. Da aka dawo hutu ya zo ya ce, "Malam, ba jini ne ya ba ni tsoro ba. Wata tsohuwa ce take bayanin ciwonta, sai na farga hankalina yana kan wata kalma da ta faɗa wadda ban taɓa ji ba, har na manta ciwo take faɗa. Likitan da nake tare da shi kuwa ya kwana biyu bai je gida ba, amma fuskarsa a sake. Nan na san ba irinsa ba ne ni."

Ya tafi da kawunsa suka sami dattijon a zaure. Ya saurara har ƙarshe, ya ce, "Ka gama?" Yaron ya ce, "Na gama, Baba." Ya ce, "To, tashi ka ba ni wuri." Watanni suka wuce ba abin da ke haɗa su sai amsa gaisuwa. Amma da aka koma makaranta kuɗin rajista ya iso ta hannun kawun. Yaron ya yi asarar shekara guda, unguwa ta yi asarar likitan da take jira, kuma ba zan ce dattijon ya huce sarai ba. Abin da na sani shi ne babu ƙarya a tsakaninsu.

Ita kuwa ɗalibar, ni ne na yi ƙoƙarin riƙe ta. Na ce mata idan ta tsaya za ta fita da sakamako mafi daraja, wataƙila ma a ɗauke ta koyarwa. Ta bari na gama, sannan ta ce tana shekara 12 mahaifinta ya rasu, ta yi shekara biyu tana raka mahaifiyarta kotu a kan gidan da suke ciki, suna zaune a benci ana magana a kansu da Turancin da ba sa ji. Ta ce a hutun da ya wuce ta koma kotu da ƙafarta ta zauna mako uku, ta ga zafi da ƙura da ɗage zama, kuma ba ta ji tana son fita ba. Kunya ta kama ni, domin na gane cewa yawan ɗaliban sashenmu nake aunawa, ita kuwa ta riga ta auna abin da ya kamata. Na raka ta ofishin shugaban sashe da kaina.

Kammalawa

Ɗaya ya zo mana, ɗaya ta bar mu, kuma a ganina duka biyun sun dace, domin kowannensu ya je ya ga wahalar aikin da idonsa, ya faɗa wa kansa gaskiya, ya faɗa wa masu haƙƙi a kansa, ya kuma yarda ya biya abin da zaɓen ya ci.

Ya kai ɗan aji ɗaya, ba a fafe gora ranar tafiya. Kada ka bari sai makon da takardar canji ta fito sannan ka fara tunani. Yi amfani da shekarar nan ka leƙa azuzuwan da ba naka ba, ka tambayi na gaba da kai, ka yi shawara da iyayenka tun magana ba ta yi tsami ba. Idan za ka tsaya, tsaya da saninka. Idan za ka tashi, tashi da rana tsaka kowa yana gani.

Iyaye kuma su tuna cewa sunan da unguwa za ta kira su da shi na ɗan lokaci ne, ɗan kuwa shi zai kwana da aikin ya tashi da shi shekara 35 ko fiye. Mu malamai mu ji tsoron Allah, kada mu raina fannin wani a gaban yara, kada kuma mu riƙe ɗalibi don ajinmu ya cika. Allah Ya haɗa kowa da kiwon da zai karɓe shi, Ya kuma ba shi ikon riƙe amanarsa, amin.